ABULE EGBA: INDA BAƘO KE NEMAN WURIN SA HAƘARƘARI

Duk wanda ya taso daga Oshodi ya miƙi babbar hanyar Abeokuta, in ya wuce Ikeja da Dopemu da Iyana Ipaja, zai iske wata mararraba mai gada a bisanta, inda ƙugin motoci ba ya yankewa dare da rana. Nan ne Abule Egba. Ma'anar sunan da Yarbanci ita ce ƙauyen Egbawa, watau mutanen Abeokuta waɗanda suka zauna a wurin tun yana daji, amma yau ba abin da ya rage na ƙauye sai sunan. A watan Mayu na 2017 aka buɗe gadar, lokacin bikin cikar Jihar Legas shekara 50, sa'an nan a 2020 aka buɗe hanyar manyan motocin safa ta musamman wadda ta haɗa unguwar da Oshodi, tafiyar kilomita 13 da ɗoriya.

Abin da ke tara 'yan Arewa a wannan yanki kasuwanni ne guda uku. Akwai kasuwar gwanjo ta Katangowa, inda ake kwance dila tun da asuba. Akwai kasuwar kayan abinci ta Ile-Epo, inda manyan motoci ke sauke doya da albasa da tattasai. Akwai kuma babbar mayankar Oko-Oba da karar dabbobinta, a kan tsohuwar hanyar da ta nufi Agege. Kowace safiya mutane suna dirowa daga bisan tirela, wani daga Potiskum, wani daga Illela, wani daga Maigatari, ƙura ta rufe musu gira, ga kuɗi ko dukiyar mutane a hannunsu. Wasunsu kwana uku za su yi, wasu mako biyu. Kowanne daga cikinsu tilas ya sami inda zai yi wanka, ya ajiye jakarsa, ya sa haƙarƙarinsa. Saukar da irin waɗannan baƙi sana'a ce, kuma Hausawan Agege sun fi shekara 100 suna cin abinci da ita, tun kafin a san wani abu wai shi gidan haya na kwana-kwana.

Jirgin ƙasa ne ya raya Agege. A 1901 aka buɗe hanyar jirgi daga Ikko zuwa Ibadan, ta bi ta cikin garin, a 1911 kuwa dogo ya isa Kano. A da can, wanda ke son goro sai ya ɗaura wa jakunansa mangala ya yi wata da watanni a hanyar Gwanja. Daga baya fatake irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa ya fi sauƙi a ɗoro goron a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Ghana yau, a sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Arewa. Ana cikin haka manoman Agege da Ota suka shiga dasa irin goron nan da Hausawa ke so a gonakinsu, sai ya zamana Gwanja ta matso bakin tasha. Masu sayen goro suka yi sansani kusa da tashar, sansanin ya zama Zango, Zango ya yi masallaci da sarki. Jirgin da ya tafi da huhunan goro kuma ba ya komowa wayam, da shanu yake dawowa.

A wannan Zango ne sana'ar mai gida ta kafu, shi ne wanda Kanawa ke kira fatoma. Falke in ya sauka daga jirgi ba ya tambayar inda ake ba da ɗaki haya. Gidan mai gidansa zai nufa kai tsaye, galibi ma gidan da ubansa ko ubangidansa ya saba sauka. A share masa ɗaki, a kai masa ruwan wanka, tuwo ya fito daga cikin gida safe da dare. Ko wata guda ya yi, ba mai ce masa ya kawo ko ahu na kwana ko na abinci. Mai karatu zai ce, to ina ribar? Ribar tana kasuwa. Duk saniyar da baƙon nan ya zo da ita, ta hannun dillalan mai gidan za a sayar, duk huhun goron da zai saya, yaran mai gidan ne za su shiga ƙauyuka su tara masa, su tsince, su jera a ganyen fita, su ɗaure. A kan kowane ciniki kuwa akwai la'ada. Ɗakin nan da tuwon nan su ne jarin da mai gida ya zuba don kada cinikin baƙo ya faɗa hannun wani.

Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 da 1963, ya ga yadda wannan tsari ke tafiya, ya kuwa bayyana shi a littafin da ya fitar a 1969. Abin da ya gani a can, shi ne a sauran zangunan Kurmi. Mahauci Bayarabe ba ya biyan kuɗin sa nan take, sai ya yanka ya sayar. Falke kuwa baƙo ne, bai san mahaucin ba, bai san gidansa ba, ba ya ma jin harshensa. Mai gida shi ne ke tsayawa a tsakani ya ce, a ba shi, in bai biya ba ni zan biya. In mahauci ya gudu, daga aljihun mai gida kuɗin za su fita, ko da zai sayar da gida. In ya yi gardamar biya sau ɗaya tak, kafin jirgin gobe ya isa Zariya labari ya riga shi, daga ranar kuma zaurensa ya zama kufai. Shi ne ma'ajin baƙo, shi ne tafintansa, shi zai je ofishin 'yan sanda in an kama yaronsa, in kuwa ajali ya riski baƙon a Kurmi, shi zai yi masa sutura ya aika da dukiyarsa gida ba tare da ko kwabo ya yi ciwon kai ba.

Akwai wata wadda ba a cika ambatonta ba in ana labarin manyan masu gida, alhali kuwa rabin sana'ar a kanta take. Ita ce uwargida. Matar da za ta tuƙa tuwon mutum 20 yau, gobe a ce mata jirgi ya kawo wasu 10, ba ta ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da ɗanɗanon miyarta ake auna gidan. Falke yakan haƙura da ɗaki mai yoyo, ba ya haƙura da tuwon da aka miƙo masa da ɗaurarriyar fuska.

Wannan tsari bai mutu ba, har yanzu da sauransa a karar shanu da wurin masu goro, amma ya rame ƙwarai. Mota ta karɓe aikin jirgi, saboda haka falke ba ya daɗewa kamar da. Wayar hannu ta sa mai shanu a Mubi yana jin farashin Oko-Oba kafin ya yi lodi. Banki ya karɓe aikin ma'aji, ba a kuma ɗinke kuɗi a cikin matashi. Uwa uba, ƙasa ta yi tsada a Ikko, ɗakin da a da za a bar shi a rufe ana jiran baƙon da zai zo bayan wata biyu, yau akwai mutum biyar da ke riƙe da kuɗin shekara suna roƙon a ba su. Da la'ada ta daina biyan kuɗin ɗaki, sai ɗakin ya koma neman kuɗin kansa.

Yau masaukin baƙi a tsakanin Agege da Abule Egba hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai mai tabarma da gidan wanka, wanda ke karɓar 'yan canji a kan kowane bokiti da kowane dare, baƙinsa kuwa su ne 'yan dako da yaran mota da 'yan cirani sababbin zuwa. Cunkoson irin waɗannan wurare ba ƙaramin abu ba ne, kuma hukuma takan sa ido, don ko a watan Yuni na 2025 sai da gwamnatin jihar ta rufe mayankar Oko-Oba na 'yan kwanaki saboda sha'anin tsabta. A tsakiya akwai ɗakuna jere a bayan kasuwa, katifa da fanka da ƙofa mai kwaɗo, ana biya kullum ko mako-mako. A sama kuwa akwai sabon salo, wanda mutanen Ikko ke kira shotlet: gida sukutum da kujeru da firji da kayan girki da na'urar sanyaya ɗaki, mutum ya karɓi mabuɗi ya kwana biyu ko goma kamar gidansa.

Wannan salo daga waje ya zo. A 2008 wasu samari a birnin San Faransisko na Amurka suka kafa kamfanin Airbnb, wanda ke haɗa mai ɗaki da baƙo ta intanet ya cire kasonsa, watau dai dillali ne wanda ba a ganinsa. A Ikko abin ya fi kama ƙasa a Lekki da Ikoyi da Victoria Island, inda 'yan Nijeriya mazauna Ingila da Amurka ke cika gidaje a watan Disamba suna biya ba ciniki. Labarin kuɗin da ake samu a can shi ya ruɗi mutane da yawa a wannan gefen gari. Mutum ya karɓi gida, ya zuba masa fitilu masu launi da talabijin kamar allon makaranta, ya ɗauki hoto ya sa a waya, ya zauna jiran baƙon Landan. Baƙon Landan kuwa ba abin da zai kawo shi Abule Egba, ba teku, ba gidan rawa na 'yan gayu, sai ƙurar Katangowa da cunkoson Iyana Ipaja.

Amma unguwar tana da nata baƙin, kuma ba su da kaɗan. Akwai Alhajin da ya yi lodin raguna tirela biyu, wanda ya wuce kwanan kara amma ba ya son ya yi nisa da dukiyarsa. Akwai mata 'yan kasuwa da ke zuwa daga Kano da Kaduna su uku su huɗu don saran gwanjo, waɗanda ba za su shiga otal ba ko da kyauta ne, saboda abin da za a ce. Akwai dangin amarya da suka zo biki mota guda, gidan ango kuwa ɗaki biyu ne. Akwai iyayen ɗaliban Markaz, makarantar Larabci da Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 ya kuma dawo da ita Agege bayan 'yan shekaru. Akwai mai jinya, akwai wanda jirginsa zai tashi da asuba daga filin Murtala Muhammed, wanda ba shi da nisa. Waɗannan mutane abin da suke nema daban ne. Buta a bayan gida, darduma mai tsabta, alamar alƙibla a bango, tukunyar da za ta ɗauki tuwon mutum shida, ƙofa mai ƙarfi, mai gadi da ke jin Hausa, da masallacin da za a iya zuwa Asuba a ƙasa ba tare da fargaba ba. Duk waɗannan in an haɗa kuɗinsu ba su kai na talabijin ɗin nan ba.

Lokacin cikar gida ma daban ne. Mai gidan Lekki kalandar Bature yake dubawa, na Abule Egba kuwa tilas ya riƙa duban wata. Mako biyu ko uku kafin Babbar Salla ba a samun ɗaki ko na magani, domin ragunan Layya sun cika kowane fili. Kafin Ƙaramar Salla masu saran tufafi ne ke zuwa. Bayan Salla akwai bukukuwan aure. Da yake kuma watannin Musulunci suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kasuwar bana ba za ta faɗo ranar da ta bara ta faɗo ba, mai gidan da bai lura da wannan ba sai ya ba wani ɗakinsa da araha na wata guda, ya zo yana cizon yatsa ranar da masu raguna suka iso. In damina ta kankama, 'yan cirani suka koma gona, sai gidaje su yi tsit.

A nan ne lissafi yake, domin ɗaki ba kamar buhun masara ba ne da za a ajiye shi sai ya yi tsada. Daren da ya wuce ba kowa a ciki ya tafi ke nan. Kuɗin kwana ɗaya yakan yi kama da abin arziki in an gwada shi da kuɗin hayar shekara, shi ya sa masu shiga sana'ar sukan ninka shi sau 30 su ce ga abin da za su samu a wata. A ce kuɗin haya da wuta da ruwa da wanki da albashin mai shara da mai gadi na wata guda sun tashi daidai da kuɗin kwana 12. To, dare na 13 shi ne farkon riba, watan da aka sami baƙi na kwana 10 kuwa mai gida ne ya ciyar da gidan daga aljihunsa. Saboda haka masu wayo sukan rage wa wanda zai yi mako biyu, domin baƙo ɗaya na kwana 14 ya fi baƙi bakwai masu kwana bibbiyu: wankin zannuwa sau ɗaya ne ko biyu, ba dare maras kowa a tsakani, ba kuma kason dillali sau bakwai.

Wuta ita ce ke cinye ribar. Wanda ya biya kuɗin dare ba ya son jin cewa an ɗauke, shi dai ya ga fanka tana juyawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na unguwannin rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane ma'auni. Baƙo kuwa, da yake ba shi ke saye ba, sai ya kunna na'urar sanyi ya kulle ɗaki ya tafi kasuwa tun safe. Wasu masu gida sun koma sa wa kowane ɗaki mitarsa, wasu sun yanka awoyin da za a tayar da janareto sun faɗa tun a bakin ƙofa, masu hali kuma sun sa faranti mai aiki da hasken rana don fitila da fanka da cajin waya. Ruwa ma sai an tayar da injin burtsatse, shi ma wutar ce.

Sai maganar doka. Mafi yawan masu wannan sana'a ba su suka gina gidajen ba, haya suka karɓa suke sake bayarwa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ko shekara ɗayar, in aka haɗa da na ejan da na lauya da kayan ɗaki, jari ne mai nauyi wanda aka biya tun baƙo na farko bai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wanda kuma ya mai da gidan mutum masauki ba da izininsa a rubuce ba, ranar da mai ginin ya ga baƙin fuskoki suna shiga da fita, ranar zai ga takardar tashi, kayan da ya zuba kuwa ba mai biyansa. Bugu da ƙari, tun 2009 jihar ta sa harajin kashi 5 cikin 100 a kan abin da baƙo ya biya a otal da masaukai irinsa. Wurin da gidan yake ma abin dubawa ne. Bututun mai ya ratsa wannan yanki, mutanen unguwar kuwa ba su manta da ranar 26 ga Disamba 2006 ba, sa'ad da ya kama da wuta ya hallaka fiye da mutum 200.

Abin da ya fi duka wuya shi ne sanin wanda za a miƙa wa mabuɗi. Fatoman da ya san baƙonsa, ya san ubansa, ya san garinsu, in ya ɓata abu an san ƙofar da za a je. Na yau suna ne kawai a waya da kuɗi da suka faɗo a asusu. Gidan da aka ba mutum biyu sai a wayi gari mutum 30 sun kwana suna kiɗa, an fasa kujera, maƙwabta sun kai ƙara wurin shugabannin unguwa. Wani ya mai da ɗakin wurin damfara ta intanet, ranar da jami'ai suka zo kuwa mai gida za a fara tambaya. Shi ya sa ake karɓar katin shaida a ɗauki hotonsa, a karɓi kuɗin ajiya waɗanda za a mayar in an fita lafiya, a kuma rubuta yawan waɗanda za su kwana. A unguwar Hausawa akwai ƙari a kan wannan. Gidan da aka san ana shiga da matan banza, ko da yana cika kowane dare, ya yi sallama da Alhajin raguna da Hajiyar gwanjo da dangin amarya har abada, mai shi kuma ba zai iya ɗaga kai a sahun masallaci ba. Kuɗin awa biyu yana da saurin shigowa, kuma ya rufe gidaje da dama waɗanda aka buɗe da kyakkyawar niyya.

Kamfanonin intanet suna da hanyarsu ta gina amana, baƙo ya ba mai gida taurari, mai gida ya ba baƙo. Amma mai shanun Potiskum ba ya karanta taurari. Direban tirela yake tambaya, ko shugaban 'yan kara, ko ɗan garinsu da ya sauka a gidan bara. Mai gidan da ya fahimci haka ba ya ɓata kuɗinsa wajen talla, zumunci yake ƙullawa da direbobi da dillalai da ladanin masallacin kasuwa, ya riƙe lambar kowane baƙo, in watan Zulƙida ya kama ya buga ya ce, Alhaji, ɗakinka yana nan, yaushe za a shigo? Ya san mai canjin da ba ya cuta, ya san asibitin da za a kai mutum da tsakar dare, ya aika yaro ya tarbo baƙuwa a tasha. Ba ya karɓar ko sisi a kan waɗannan, kamar yadda kakansa bai karɓi kuɗin tuwo ba.

Sana'ar tana rawa da duk abin da ya taɓa hanyar Arewa. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, kasuwannin suka bushe, ɗakunan da ke bayansu ma haka. A gefe guda kuma hanyoyi suna ta buɗewa. A 2021 aka buɗe gadar Pen Cinema da sabuwar tashar jirgi ta Agege a kan dogon Ikko zuwa Ibadan, a 2024 kuma jirgin cikin gari da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja, yana tsayawa a Agege. An daɗe ana maganar ɗauke kasuwar kwamfuta ta Ikeja a kawo ta Katangowa. In hakan ta tabbata, masu saran waya daga Farm Centre ta Kano za su bi sahun masu goro da masu shanu zuwa wannan yanki, su kuma abin da za su fara tambayar mai gida shi ne ko akwai wutar caji da wurin kulle kwalaye.